Mun Gane Lalitar, Ba Mu Gane Mai Ita Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kujerun zaman makoki har yanzu suna jingine a ƙofar gidanmu a unguwar Ka'akiyya, nan Makka, mai su bai zo ya kwashe ba. Ni kuwa har yanzu idan aka buga ƙofa da tafin hannu, ba da yatsa ba, sai gabana ya faɗi, don kuwa haka Gwaggo ke bugawa.

A hoto rasuwarta ta zo mana. Ina kicin ina soya albasa bayan azahar, waya ta yi ƙara. Wata 'yar unguwarmu da ke aikin jinya a asibiti ce ta sa hoto a zauren matan unguwa na waya. Hoton lalita ne, 'yar jakar nan ta yadi da mata ke ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin zane, an shimfiɗa ta a kan farin tebur, igiyarta a warware. A ƙasa ta rubuta: "An kawo mana wata tsohuwa, ta faɗi a bakin titi wajen unguwar Tandabawi, rai ya yi halinsa kafin a iso. Ba waya, ba katin iƙama na shaidar zama. Wannan ce kawai a jikinta. Don Allah duk wadda ta san mai ita ta yi magana."

Kafin albasa ta yi ja, amsoshi sun cika waya. Kowa ta gane. "Ai ɗinkin Gwaggo ne." "Ga jan zarenta nan a baki." "Irin ta uwata ce sak, bari in kira ta." Haka mata suka dinga kiran iyayensu da kakanninsu, suna dawowa suna cewa alhamdulillahi, tawa tana gida. Can wata ta ce, "A nuna wa Gwaggo mana, ita ta san duk wadda ta ɗinka wa."

Ni na amsa na ce, "Bari in tambaye ta."

Na kira wayarta, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ban damu ba, don Gwaggo ba ta fita da waya, cewa take nauyi ce. Maigidana na shirin fita, na ce ya sauke ni Tandabawi in nuna mata hoton, ko Allah zai sa a sami dangin baiwar Allah kafin dare. A mota har addu'a nake yi wa tsohuwar da ban sani ba. Na tarar da ɗakinta a kulle. Maƙwabciyarta ta leƙo ta ce tun da hantsi ta fita sayen zare, yanzu za ta dawo. Sai na zauna a kan matakala ina jiranta. Don in rage zama na buɗe hoton, na ja shi da yatsu ya ƙara girma. A can gefe, kusa da igiyar, akwai makulli ɗaure da ƙyallen atamfa shuɗi. Atamfata ce. Ni na ba ta ragowar yadin bayan sallah. Na ɗaga kai na dubi kwaɗon da ke ƙofar.

Maƙwabciyar ta ce ihun da na yi har shagon ƙasa an ji. Ni ban san na yi ba.

Duk wanda ya zo gaisuwa, da mamaki ya shigo. Wata tsohuwar aminiyarta 'yar Sakkwato ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi cire takalmi. "Ƙarya ta," in ji ta. "Shekaranjiya munka yi hira da ita, har tana yi min faɗan ban shan magani. Ku sake dubawa." Sai da na riƙe hannunta na ce mata ni na ga fuskar da idona, sannan ta zame ta zauna a ƙasa. 'Yan matanmu da aka haifa nan, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, suna ta maimaita "mu ma'agul, mu ma'agul," wai abin ba mai yiwuwa ba ne. Na lura kuma da wani abu: mace za ta zauna, ta yi ta'aziyya ta ce "azzamallahu ajrakum," sai hannunta ya tafi ƙugunta ta saman abaya ya tsaya a wurin, ba tare da ta sani ba. Rabin matan da ke ɗakin, aikin hannun mamaciyar ne ɗaure a jikinsu.

Abin da ya fi girgiza mu shi ne ba ita muke kallo ba. Babana, ƙaninta, shi ne mai jinya. Shi muke tashi da safe mu leƙa mu ga ko yana numfashi. Gwaggo kuwa, duk da ta girme shi, da ƙafarta take hawa tudun Tandabawi, tana wuce samari suna haki. Ko ciwon kai ba ta kwana da shi ba.

A Makka ba a rubuta suna a kan kabari. Dutse ne kawai, irin na kowa. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani game da ita tun ban fara mantawa ba.

Yayar mahaifina ce, su biyu kaɗai iyayensu suka bari. Tana yarinya aka taso da ita daga ƙasar Kano ta hanyar ƙasa, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan babbar mota, ana tsayawa a yi noma ko ƙwadago a sami guzuri a ƙara gaba. A hanyar aka haifi babana. Mahaifiyarsu ba ta ga Ka'aba ba, a bakin teku ta rasu suna jiran jirgin ruwa. Sunanta aka sa min, don haka daga Gwaggo har Baba, Uwata suke kirana. Gwaggo ta yi aure a unguwar Jarwal, mijin ya rasu da wuri, Allah bai ba ta haihuwa ba, ba ta kuma sake aure ba. Allura ce ta riƙe ta.

Ina ƙarama, ɗakinta a Jarwal shi ne wurin ɓuyana. Tabarma, keken ɗinki na hannu, buhun ƙyallaye, da ƙusoshi a bango an rataye lalitoci kamar busasshen kifi. Idan mace ta zo saye, Gwaggo ba ta miƙa mata ta rataye. Sai ta tambaye ta, "Da wane hannu kike cin tuwo? Me za ki zuba? Kina goyo?" Sannan ta auna ƙugunta da taƙi. Mai goyo, a gefe ake ɗaura mata, don kada ƙafar yaro ta dinga bugawa. Mai ƙiba, igiya mai faɗi, don kada ta ci mata fata. Wadda za ta shiga cunkoson ɗawafi, a gaba, ƙasa da cibiya, inda hannun da ba nata ba ba zai isa ba.

Tana ɗinki tana ba ni tarihi, ko na tambaya ko ban tambaya ba.

"Uwata, kin san me ya sa muke wannan wahala? Namiji tun can an yi masa gata. Babbar riga da aljihunta a ƙirji, wanda zai ɗauki goro da carbi har da ɗan littafi. Idan zai yi tafiya ga zabira ta fata a kafaɗa. Mace fa? Zane ne falle guda, ba baki ba ciki. Sai ta ƙulle abinta a haɓar zane. To ranar da zanen ya kwance a kasuwa fa? Shi ne aka yi mana lalita."

Ta ce ta mahaifiyarsu ta fata ce, jar fata aikin dukawa, da ita suka baro gida. Zufa da rana suka cinye ta kafin su kai rabin hanya, ta bushe ta tsage. Sai tsohuwar ta farke ta, ta shimfiɗa a kan ƙyallen zane, ta yanka daidai ita. "A nan na fara riƙe allura," in ji Gwaggo. "Fata ta fi kyau, yadi ya fi haƙuri. Ana wanke shi."

Da suka zauna a Makka sai ta tarar ashe ba matan Hausa kaɗai zane ya yi wa rowar aljihu ba. Lokacin aikin hajji takan bi matan wasu ƙasashe a wurin alwala, ba ta jin yarensu, ta yi ta nuni da hannu har sai sun ɗaga riga sun nuna mata nasu. Wasu a wuya suke ratayawa ta cikin riga. Wasu guda biyu suke ɗaurawa a igiya ɗaya, dama da hagu, an tsaga rigar sama ta gefe don hannu ya shiga. Wasu sun yi wa tasu ado da zare kala-kala, alhali ba mai gani sai su. Wannan ya burge ta ƙwarai. "Kin ga mace?" ta ce min. "Abin da ba wanda zai gani ma sai ta yi masa kwalliya." Daga nan ta fara sa jan zare a bakin nata.

Maza ma sun zo hannunta. Namiji idan ya ɗaura harami ya zama kamar mu, ƙyalle biyu ba aljihu. Takan yi dariya ta ce, "Sau ɗaya a shekara Allah Yake nuna musu abin da muke ciki." Sai ta koyi ɗinka kamar, ɗamarar nan mai aljihu da alhazai ke ɗaurawa a kan harami. Idan alhaji ya tsaya yana tambayarta ko ɗinkin zai ɓata masa ibada, sai ta ce, "Malamai sun ce ba laifi, amma ga masallaci can, je ka ji da kunnenka. Ni ɗinki na sani."

Ranar da na fara albashi na sayo jakar hannu mai sheƙi, na zo ina yi mata yanga. Ta juya ta, ta buɗe, ta rufe, ta miƙo min. "Ta yi kyau. Amma jakar hannu ta mutane ce, Uwata. Su kike riƙe wa. Abin da ke jikinki shi ne naki."

Ba waliyyiya ba ce. Tana da zuciya, kuma idan ta ƙulla abu, ya ƙullu.

Babana yana da shago a Jarwal, na kayan alhazai. Tun da ya buɗe, aikin Gwaggo ne a rataye a bakin ƙofa. Sai wata shekara kwalaye suka fara shigowa daga kamfanonin waje, ɗamaru na roba masu zif, farare tas, masu araha. Alhazai suka koma kansu. Baba ya sauke na Gwaggo ya mayar can ciki, bayan tulin darduma. Ranar da ta zo ta gani ina shagon. Ta tsaya tana kallon ƙusar da babu kayanta.

Baba ya ce, "Yaya, zamani ne. Idonki ma ya gaji. Ki huta, ni zan riƙe ki."

Ta ce, "Auta, ni ka sallama?"

"Ba haka ba ne, Yaya."

"Na ce maka ina neman mai riƙe ni?"

Ta shiga ciki da kanta, ta kwashe kayanta ta ƙulle a mayafi, ta ɗora a ka ta fita. Tun daga ranar ba ta ƙara cin abincin gidanmu ba. Ba ta yanke zumunci ba, tana tsoron Allah. Ranar sallah za ta zo, ta gaisa, ta sha ruwa, ta tashi. Idan Baba ya aika mata da buhun shinkafa, kafin la'asar ta rabar wa maƙwabta. Ta koma shimfiɗa kayanta a gefen hanya, tana sayar wa tsofaffin mata da suka san darajar abin. Da aka rushe layinmu aka yi manyan otal, muka koma Ka'akiyya, Baba ya ware mata ɗaki a sabon gidan. Ta ce ita ba za ta yi nisa da Harami ba, ta kama ɗaki a Tandabawi. Na yi aure, na haihu, 'ya'yana suka shiga makaranta, suna nan a haka. Kowannensu yana tambayata lafiyar ɗayan, kamar ba su san hanyar gidan juna ba.

Sai Baba ya kwanta. Aka yi masa aiki a mafitsara, aka sallamo shi da roba a jiki da jakar da fitsari ke taruwa. Likita ya ce wataƙila da ita zai ƙarasa rayuwa. Ciwon bai karya shi ba kamar yadda jakar ta karya shi. Mutumin da sahun farko bai taɓa wuce shi ba, mai farar jallabiya da ƙamshin turare, ya koma kulle kansa a ɗaki. Idan zai shiga bayi sai ya saka jakar a leda ya riƙe a hannu, ya jira sai tsakar gida ba kowa. Abokansa su zo dubiya, ya ce a ce yana barci. Yana jin kiran salla daga masallacin layinmu sai ya juya fuska bango. Daga baya abinci ma ya daina ci sosai, ruwa kuwa sai an yi da gaske, wai don kada jakar ta cika.

Mahaifiyata ce ta ce min, "Je ki gaya wa yayarsa gaskiya. Mutumin nan kunya ce za ta kashe shi."

Washegari da safe muka ji bugun tafin hannu a ƙofa. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta wuce ɗakinsa kai tsaye, ina biye da ita. Baba ya yi sauri ya ja bargo.

Ta ce, "Auta, yaye bargon."

"Yaya, don Allah."

"Ni za ka ji wa kunya? Uwata, fita ki ja ƙofa."

Na fita, amma ban yi nisa ba. Na ji tana tambayarsa ta ina robar ta fito, da wane gefe yake kwanciya, idan ya zauna ina take ja masa. Muryarta ba tausayi ba faɗa, irin wadda take yi wa masu sayen lalita. Da ta fito sai ta tafi.

Bayan kwana kaɗan ta dawo da ƙunshi. Aljihu ne na farin yadi mai laushi, ninki biyu, da igiya mai faɗi ta ƙugu da wata ƙarama ta cinya don kada ya yi lilo. Ta bar 'yar kafa a ƙasa inda za a zubar ba sai an kwance ba. Guda biyu ta yi, a sa ɗaya a wanke ɗaya. Ta ɗaura masa, ta sa shi ya zura jallabiya, ta ce ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Ya taka. Babu abin da ya nuna. Ya tsaya gaban madubi ya juya dama, ya juya hagu, ya daɗe.

Sai ya ce, "Yaya, wannan kam kamfani ba ya yin irinsa."

Ta ce, "Kawo masa abinci, Uwata. Ni ma zubo min."

Iyakar sulhunsu ke nan. Ban taɓa jin sun ta da zancen shago ba. Juma'ar da ta biyo Baba ya tafi masallaci da ƙafarsa. Daga nan kusan kullum tana gidanmu da la'asar, su zauna su biyu a tsakar gida suna shan shayi suna musu a kan sunan wani gari da suka wuce a hanya, wanda shi ma bai da wayon tunawa. A hankali wasu mata suka fara zuwa wurinta a ɓoye, ana yi mata raɗa, suna nema wa mazajensu irin na Baba. Na tambaye ta ko mazan su wane ne. Ta harare ni. "Abin da ke ƙarƙashin riga, mai riga ne ya san shi."

Ranar da ta rasu, ni aka bar wa gaya wa Baba. Da na dawo daga asibiti na tarar da shi a tsakar gida, an dafa shayi, ya ajiye kofi biyu. Na durƙusa na ce, "Baba, sai haƙuri. Gwaggo ta rasu."

Ya ce, "Wace Gwaggon?"

Na ce, "Yayarka."

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. "A'a, Uwata. Ba ki ji daidai ba. Ni ne ba ni da lafiya." Ya sake faɗa, a hankali, "Ni ne ba ni da lafiya." Bai yi kuka ba. Ya zauna yana kallon ƙofa har shayin ya huce.

Da aka gama takardu aka ba mu ita, muka yi mata wanka, aka kai ta Harami aka sallace ta bayan la'asar tare da sauran mamatan ranar. Mun so Baba ya zauna a gida, ya ƙi. A keken marasa lafiya ƙannena suka tura shi, har maƙabarta. Sun ce da aka zo sa ta a kabari, sai da suka rirriƙe shi, don cewa ya yi shi zai shiga ya karɓe ta.

Bayan magariba maza suka cika kujerun waje, ana zagayawa da gahawa. Shi kuwa ya ce a shigo da shi ciki. Ya kira ni. Ƙurar maƙabarta na nan a gefen jallabiyarsa, ya hana a canza masa.

Ya ce, "Uwata, ta sha ba ki labarin hanya."

Na ce, "Ta sha ba ni, Baba."

"Ta gaya miki abin da ya faru bayan an binne Inna a bakin teku?"

Na ce ta ce dai jirgi ya zo, suka hau.

Ya girgiza kai. "Ina jariri, ko zama ban fara ba. Ba nono, ba mai shayarwa a ayarinmu. Akwai wasu mutanen kirki a garin, matar tana goyo, suka ce a bar musu ni su haɗa da nasu. Mahaifinmu ya yarda, don kowa ya ce ba zan kai gaci ba. An gama magana, da safe za a miƙa ni. Sai ita, yarinya ƙarama, ta ɗauki zanen Inna ta goya ni, ta ƙulle a ƙirjinta, ƙulli kan ƙulli. Aka yi lallashi, aka yi tsawa, har mari ta sha. Ta ce duk mai son ya ɗauke ni sai dai ya zo da wuƙa. Da ni a bayanta ta hau jirgin. Madarar akuya take roƙo tana ɗiga min da ƙyalle. Mahaifinmu ne ya ba ni labarin, yana gab da rasuwa."

Na ce, "Baba, duk shekarun nan, ko sau ɗaya ba ta faɗa ba."

"Ko ni ba ta taɓa faɗa wa ba. Ranar da na sauke kayanta daga ƙofar shago, na tsaya ina jira ta faɗa. Kalma ɗaya ce, da na nutse a ƙasa. Ta dube ni, ta kwashi kayanta ta tafi."

A nan ne kukan ya zo masa. Na riƙe kansa a kafaɗata, tsoho mai furfura, yana kiran "Yaya, Yaya," kamar yaron da ya ɓace a cikin taro.

Ya Allah, baiwarka ce, ta zo ɗakinka tana yarinya da ƙaninta a baya, ta zauna a maƙwabtakarsa har Ka kira ta a kan hanya. Ta rufa wa bayinka asiri, Ka rufa mata nata. Ka yalwata mata makwanci, Ka sada ta da uwar da ta bari a bakin teku. Shi kuma da ta bar mana, Ka ba mu ikon riƙe shi.